Ba Turawa ne suka ƙirƙiro duba da ƙasa ba

Akwai wani labari da aka rubuta a kan duba da ƙasa. Labarin ya yi daidai da ya ce Empedokles na Sisili, masanin Girka na dā, shi ne ya jera ƙasa, ruwa, iska da wuta a matsayin tushen komai, Aristotil kuma, shi ma masanin Girka, ya siffanta ƙasa da sanyi da bushewa. Amma cewar da ya yi masu tsafin Turai ne suka ƙago duba da ƙasa, wannan kam da sake. Ilimin ramli ne na Larabawa, a ƙarni na 12 aka fassara shi zuwa Latin a Sifen, kuma shi ne bugun ƙasan da muka sani a nan. Ana buga layi 16 na ɗigo a kan yashi ba tare da ƙirgawa ba, sannan a riƙa share su bibbiyu. In ɗaya ya rage a sa ɗigo ɗaya, in biyu a sa biyu. Layi huɗu ke ba da siffa guda, an raba layukan tsakanin wuta, iska, ruwa da ƙasa, na ƙarshe shi ne rabon ƙasa. Siffofi huɗu na farko su ake kira uwaye, daga gare su ake fitar da 'ya'ya huɗu, a yi ta haɗawa har a kai ga siffofi biyu da ake kira shaidu da ta ƙarshe da ake kira alƙali. Wajen haɗin nan ake yawan tafka kuskure, shi ya sa ake ƙirga ɗigon alƙali: in bai rabu biyu daidai ba, lissafin ya ɓaci, sai a koma baya. Malam mai cewa haramun ne, ba halaccinsa ake magana ba, asalinsa ake nema. Ƙungiyar masu tsafi ta Golden Dawn da marubucin labarin ya jingina da ita a 1888 aka kafa ta a Landan. Su waye ke buga yashi shekaru ɗari bakwai kafin nan?