Ba a Galifoli akasarin sojan Ostireliya suka rasu ba

Da an ambaci sojan Ostireliya na Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai hankali ya tafi Galifoli ta Turkiyya, inda suka sauka ranar 25 ga Afrilu 1915, har ana zaton can akasarinsu suka kwanta dama. Ba haka ba ne. Galifoli ta ci wajen 8,700, ramukan yaƙin Faransa da Beljiyam kuwa sun lamushe kusan 46,000. A ƙauyen Fromelles na Faransa kaɗai, dare guda a Yulin 1916, sama da 5,500 aka kashe, aka raunata ko aka kama. Abin tausayi, saurayi ɗan sa-kai da ya baro gona kan sule 6 a rana, a ramukan nan ya fi jin jiki, cikin laka har gwiwa, ga ƙwarƙwata, ga sanyi mai ruɓar da yatsun ƙafa.