Sunana yana cikin littafin mai shago

Jiya bayan sallar Isha'i na tsaya a shagon unguwarmu zan sayi sukari, sai na ga rabin kanta wayam. Na ce, "Malam, ina kaya suka shiga?" Bai tanka ba, ya jawo wani tsohon littafi mai jan bango ya ajiye a gabana, ya ce, "Ga kayan nan, Alhaji." Sunayen maƙwabta ne shafi bayan shafi. Na ga nawa, dubu goma sha ɗaya da ɗari biyar, tun kafin azumi. Na so in ce mantawa na yi, amma ba zan yi ƙarya cikin nasiha ba. Ina sane, canza hanyar masallaci kawai na yi.

'Yan'uwa, bashi ya zame mana riga. Idan aka yi magana sai mu ce ai bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, hanjin ma idan ya kumbura asibiti ake zuwa.

Mai shagon ya ce dilan da yake ɗauko wa kaya a kasuwar Singa ya daina ba shi sai da kuɗi hannu, domin shi ma banki ke binsa. Ka ga sarƙar? Ni na riƙe na mai shago, mai shago ya riƙe na dila, dila ya riƙe na banki, kowa yana lissafin dukiyar da a takarda kawai take. Ranar da mutum ɗaya ya ce a ba shi nasa yau, duk layin sai ya zube. Haka Amurka da duk arzikinta ta durƙushe a 2008: aka yi ta ba mutane bashin gidajen da ba za su iya biya ba, har katafaren bankin Lehman Brothers ya rushe, iyalai masu ɗimbin yawa suka rasa matsuguni. Balle mu.

Na san akwai matsi. Bayan an cire tallafin mai a Mayun 2023 kwanon masara ya fi ƙarfin talaka, kuma a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Wanda ya ci bashi don yaransa su kwana da abinci a ciki, ko don maganin mahaifiya, Allah Ya warware masa, ba da shi nake ba.

Da kai nake, mai akwatunan lefe goma sha biyu a kan albashin da ko uku bai ɗauka. Da ke nake, Hajiya, da kika kwashe adashi, kika ƙara da rance don kayan ɗaki da ankon da sau ɗaya za a sa, wai kada dangin miji su raina. An watse biki, an bar ki da masu sallama a ƙofar gida. Kai kuma matashi, ka ranta a wannan manhajar waya ka biya waccan, kuɗin ruwa yana ninkuwa, ka san riba ce, har ranar da za su tura wa surukinka da limaminku saƙo cewa kai ɓarawo ne. Duk don sabuwar waya? Haba ɗan'uwa.

Abin da ya hana ni barci shi ne hadisin gawar nan da aka kawo, Manzon Allah (SAW) ya ƙi yi mata salla saboda 'yan dinarai, sai da sahabi Abu Ƙatada ya ɗauke bashin a wuyansa. Shahidi ma ana yafe masa komai ban da bashi. Ni waye zai miƙe a maƙabarta ya ce ya ɗauki nawa? 'Ya'yan da na koya wa cewa idan mai shago ya aiko a ce ba na nan?

Don Allah ku biya. Mai hali da yake jan ƙafa, zalunci yake yi, kuma mun san haka tun muna makarantar allo. Idan babu duka, kai rabi. Idan babu ko sisi, je ka nuna fuskarka, ka ba da haƙuri, a rubuta a sa rana da shaidu. Kai kuma mai bin bashi, ka sassauta wa wanda ka san da gaske babu.

Don girman Allah ku biya tun kuna da numfashi. Ni dai yau da safe na kai dubu bakwai, saura dubu huɗu da ɗari biyar ranar Juma'a in Allah Ya kai mu. Ku tambaye ni.