Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗin bita

Ranar Talatar da ta wuce na buɗe WhatsApp na ci karo da hotunan wata bita da aka yi a babban birnin jiharmu, kwana biyar a otal, a kan yadda ake tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Na ƙara girman hoton ina ƙirga fuskoki. Mutum huɗu ne suka wakilci ƙaramar hukumarmu. Uku a sakatariya suke zama, rabonsu da karɓar haihuwa tun ina makarantar koyon aikin lafiya. Na huɗun ɗan ƙanwar wani oga ne, aikinsa ajiye fayil. Kowa da jakar bita a kafaɗa, ana ta washe baki.

Ni kuwa shekarata goma sha ɗaya a ƙaramin asibitin ƙauye. Ni ce mai awon ciki, ni ce mai rigakafi, ni ce mai ba da magani, idan mai shara bai zo ba ni ce mai tsintsiya. Mu biyu ne masu albashi, sauran yara ne 'yan sa-kai da suka gama karatu ba a ɗauke su aiki ba, suna zuwa kullum da fatan wata rana a tuna da su. Ba wanda ya kira ko ɗaya daga cikinmu.

Abin da ya sa raina ya ɓaci haka, a damunar bara ne aka kawo mini wata yarinya a amalanke wajen ƙarfe biyun dare, ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa. Babu wuta. Batirin sola ya mutu tun kafin azumi, na rubuta takarda sau uku ba amsa. Allurar oksitosin, wadda ake yi don tsayar da jinin haihuwa, sanyi take so, firjin kuwa ya zama akwatin ajiye rajista, don haka ina yi mata allurar zuciyata na raya mini anya da sauran ƙarfi a cikinta. Na danne waya da haƙora ina haskawa, hannu ɗaya yana murza mahaifa, uwar yarinyar tana riƙe da ledar ƙarin ruwa saboda ƙarfen ratayewa ya karye. Sai da na katse hasken na kira wata ƙawata ungozoma a babban asibiti, na tashe ta daga barci, ta riƙa gaya mini abin da zan yi bi da bi. Allah Ya sa da sauran kwana. Karatun da na yi a daren nan, ta waya, da katin da na saya da kuɗina, shi ne aka kwashe kwana biyar ana koya wa mai ajiye fayil.

Za su ce ai waɗanda suka je za su dawo su koya mana. Mun san wannan koyarwar. Awa ɗaya ce a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, a karanto mana kanun darasi daga waya, a raba lemon kwalba, a ɗauki hoto, a miƙo takardar sa hannu.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A cikin asusun, doka ta ware kashi 10 musamman don horar da ma'aikatan matakin farko da ciyar da su gaba. Mu ke nan. Ba roƙo nake yi ba, haƙƙi ne a rubuce. To ina yake bi? Ko da sunana ake cike gurbin, wani ya je ya kwana a otal?

Idan lokacin sabunta lasisi ya zo kuma, sai a ce sai ka kawo shaidar ƙarin ilimi. Madalla, ba na jayayya da wannan, wanda ke taɓa rayukan mutane bai kamata iliminsa ya yi tsatsa ba. Amma kuɗin kwas daga aljihuna, kuɗin lasisi daga aljihuna, kuɗin mota zuwa birni daga aljihuna, ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin acaɓa kaɗai daga bakin titi zuwa ƙauyen nan yana cin wani yanki na albashina. Na nemi izinin tafiya ƙaro karatu sau biyu, amsa ɗaya ake ba ni: "Hajiya, idan kika tafi wa zai riƙe asibitin?" Wato rashin ma'aikatan da ba ni na jawo ba shi ne sarƙar da aka ɗaure ni da ita. Ƙarin girma an ba ni a takarda shekara uku ke nan, kuɗin bai biyo ba.

Batun lafiyarmu ma ba a yin sa. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke a Arewa a 2023, ina leƙa maƙogwaron yara da takunkumi ɗaya da nake wankewa in shanya, in koma gida in rungumi nawa 'ya'yan gabana na faɗuwa. Ba mu manta da matan nan tara masu rigakafin shan-inna da aka harbe a Kano a watan Fabrairun 2013 ba, irin aikinmu suke yi. Har gobe ni kaɗai nake kwana a asibiti, babu mai gadi, babu katanga. Rabona da hutun shekara cikakke tun kafin korona.

Amma a makara kwana ɗaya wajen kai rahoton wata, nan take waya za ta fara ruri. Masu sa ido su zo da mota mai sanyi, su buɗe rajista, su ja layi da jan biro inda na tsallake gurbi, ba mai tambayar yaushe na rintsa.

Jiya aka aiko yaro a kan babur da wata takarda, wai in sa hannu cewa an horar da ni a kan zubar jini bayan haihuwa. Na ce ya koma ya gaya wa wanda ya aiko shi cewa takardar tana nan cikin firji tare da rajista, duk ranar da aka kawo batiri a zo a karɓa.