Na gaji da bin maƙwabta bashin kuɗin gas

Shekara biyu da 'yan watanni ke nan ina riƙe da littafin karo-karo na gidan da nake haya a nan Kano. Bene ne mai hawa uku, fulat goma sha biyu. Ba wanda ya zaɓe ni. Ranar da aka yi taron ne na makara, ina isowa na tarar an riga an ɗora min, har ana yi min addu'ar Allah ya taya riƙo.

Aikin ba wani mai yawa ba ne a baki. Kowane fulat yana da mitarsa, kuma idan aka ɗauke wuta kowa ya san yadda yake yi da cikin ɗakinsa. Abin da ya haɗa mu shi ne na waje: fitilun matakala da na farfajiya, fitilun katanga, ɗakin maigadi, kyamarori huɗu, sai uwa uba famfon bohol da ke tura ruwa tankunan sama. Waɗannan su muke kunna wa wani tsohon janareta mai shan gas da mai gidan ya ajiye a bayan gida tun lokacin gini. Ni ne mai karɓar kuɗi, ni ne mai aiken yaro da jarka, ni ne mai kiran makanike.

Na ɗauko zancen ne saboda makon jiya an sake tayar da gardamar a guruf ɗinmu na WhatsApp, kuma na lura a gidaje da yawa irin namu ana yin ta: a zuba sola ne, ko a ci gaba da janareta? Ni dai na tsaya a kan sola, amma ba don dalilin da masu tallarta ke faɗa ba.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Wata Juma'a cikin bazara, wajen ƙarfe biyar na asuba, aka buga min ƙofa. Maman yaran da ke hawa na uku ce, da bokiti a hannu. Ta ce, "Baban Khadija, don Allah ruwa ya ƙare a sama, kuma yau akwai makaranta." Na sauka na taso maigadi. Baba ya haska tocila cikin tankin injin, ya zura kara ya zaro, busasshe ƙarau. Ya ce, "Alhaji, ai tun jiya na faɗa maka." Gaskiya ya faɗa min. Abin da bai sani ba, a cikin fulat goma sha biyu biyar ne kawai suka biya kuɗin watan, kuma na riga na cika daga aljihuna sau biyu. Ranar sai 'yan garuwa muka kira. Ku yi tunanin hawa bene uku da jarka mai lita 25.

Abin da ya fi ci min rai, ba wanda ya ji haushin waɗanda ba su biya ba. Ni aka ji haushi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

To a nan matsalar janareta take a gidan haɗaka. Inji ne mai neman kuɗi kullum, daga hannun mutane goma sha biyu da ba ranar samunsu ɗaya ba, ba kuma halinsu ɗaya ba. Wani ma'aikaci ne yana jiran albashi. Wani ɗan kasuwa ne, ya tafi Legas sati uku, ya dawo ya ce ai bai sha ruwan ba. Na ƙasa ya ce shi ba ya hawa matakala, don me zai biya kuɗin fitilarta? Kuma kuɗin ba ya tsayawa wuri ɗaya balle mutum ya saba. A farkon 2022 litar gas tana wajen naira 300 da wani abu, kafin shekarar ta ƙare ta doshi 800, a 2024 kuwa ta wuce dubu. Wanda ya ce a koma ƙaramin inji mai fetur, shi ma ranar 29 ga Mayu 2023 ta ba shi amsa, da aka cire tallafi lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500, daga baya ita ma ta taɓa dubu. Duk sanda farashi ya motsa sai na koma guruf na nemi ƙari, duk sanda na nemi ƙari sai wani ya nemi in kawo rasit. Wata rana har wani ya tambaye ni, cikin raha wai, ko motata gas take sha.

Akwai kuma ɓarnar da mutane ba sa gani. Injinmu babba ne, mai kVA 20 a ma'aunin ƙarfin janareta. An saye shi da niyyar ya ɗauki gidan gaba ɗaya, amma yanzu fitilu da famfo kawai yake ja. Na zauna na lissafa: ƙwai ashirin masu wat 10 sun kama wat 200. Kyamarori da na'urarsu, a ce wat 60. Famfon bohol mai ƙarfin doki ɗaya, wajen wat 750. Duka a haɗe da kyar suka wuce kilowat ɗaya. Wato tirela muke tayarwa don kai buhu guda. Shi kuwa injin gas, ko da kaya ko babu, yana shan nasa, namu kusan lita 2 yake sha a awa. Kuma makanikai za su gaya maka cewa barin injin gas yana aiki ba nauyi a kansa cuta ce gare shi, man ba ya ƙonewa sosai, sai ka ga baƙin maiƙo yana tsiyaya ta salansa. Ga canjin baƙin mai da tace duk bayan awa 250 ko kusa da haka. Ga ƙara. Wanda tagarsa ke kallon bayan gida shi ya san abin da nake nufi, kuma hayaƙin ba abin wasa ba ne, kusan kowace shekara sai an ji labarin iyalin da hayaƙin janareta ya kashe suna barci.

Irin wannan ƙaramin nauyin, wanda ba ya canzawa daga yau zuwa gobe, shi sola ta fi iyawa da shi. Fitilun nan na dare, awa goma sha biyu, da kyamarori, ba su wuce yunit 3 da ɗan wani abu ba kafin gari ya waye. Batirin litiyam guda mai yunit 5 zai kwana da su. Farantan sola shida masu wat 500, a irin ranar da Allah ya ba mu a arewa, sun isa su cika shi kafin azahar, har su bar saura. Famfo kuwa ba sai an ɗora shi a kan batir ba ma. A kunna shi da rana tsaka lokacin da farantan ke zubo wuta, a cika tankuna, shi ke nan. Ruwan da ke sama ba ya buƙatar kowa ya tura shi ƙasa. Idan tanki bai isa ba a ƙara wani, ya fi batir araha nesa ba kusa ba, kuma ba ya mutuwa bayan shekara biyu.

Na san abin da za a ce, don an faɗa min a fuska. Dattijon da ke fulat na biyu, wanda nake girmamawa ƙwarai, ya ce, "Ɗana, mun ga sola a masallacin unguwa. Shekara ɗaya da rabi ta zama kwalliya." Bai yi ƙarya ba. Na je na duba. Batiran ruwa ne aka sa, irin dogayen nan, ba wanda ke duba ruwansu, kuma aka ɗora musu fankoki da firijin sanyaya ruwa, ana tatse su har ƙasa kowane dare. Irin wannan batirin na dalma idan ana shanye shi fiye da rabi kullum ba ya daɗewa. Farantan kuma ƙurar hunturu ta yi musu bargo, da yatsa za ka iya rubuta sunanka a kai. Wannan ba laifin rana ba ne. Araha aka bi, aka kuma bar abin ba mai shi.

Amma tsoron dattijon yana da tushe ta wani ɓangaren, kuma shi ne ainihin abin da nake jin tsoro ni ma: mu da kanmu. Janareta yana da ƙara, kowa ya san sanda aka kunna da sanda aka kashe. Sola shiru take. Ranar da mutane suka gane akwai wuta a soket ɗin matakala awa ashirin da huɗu, za ka ga waya ta sulalo ta ƙarƙashin ƙofa. Yau cajin waya, gobe fanka, jibi firiza, gata wata ta kawo dutsen guga. Inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ta yi ƙara ta mutu, kowa ya ce bai san komai ba. Don haka idan za a yi, a cire soket daga layin haɗaka gaba ɗaya, a bar guda a ɗakin maigadi da ƙaramin abin yanke wuta, a kulle batir da inbata a ɗaki mai iska, makulli a hannun mutum ɗaya. A kuma sa wa Baba maigadi wani abu a kan albashinsa don wanke faranti duk mako a lokacin hunturu. Wanda ya ga wannan tsanani ne, bai taɓa zama gidan haya ba.

Ban ce a sayar da janareta ba. A watan Agusta ana iya kwana uku hadari bai washe ba. Gidan da ke da lif, kamar dogayen benayen Abuja da Legas, lissafinsa daban ne, don motar lif tana fizgar wuta mai yawa lokacin tashi, kuma ba wanda ke son maƙalewa tsakanin hawa biyar da shida saboda batir ya yi ƙasa. A bar injin ya zauna a matsayin na ko-ta-kwana, a riƙa tayar da shi lokaci-lokaci kada ya daskare. Jarka ɗaya a wata uku ba za ta haɗa ni faɗa da kowa ba.

Masu cewa a jira wutar gwamnati ta gyaru kuwa, ina tuna musu da Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan ɗayan layin da ke kawo wuta ta Makurɗi shi ma ya samu matsala, yawancin arewa ta fi mako guda cikin duhu. A kwanakin nan mun ƙona gas ɗin da ya kamata ya kai mu wata biyu. Kuma ko wutar ta samu ba kyauta ba ce, tun Afrilun 2024 da aka mayar da yunit ɗin 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225, mitar haɗaka ma ta zama abin gardama a gidajen da ke cikin wannan rukunin.

Saura babbar tambayar, wadda duk gardamar guruf ke kewayawa ba a taɓa ta: wa zai biya? Ɗan haya da bai san ko zai sabunta baɗi ba, ka ce ya zuba kuɗi mai kauri a farantin da zai yi shekara ashirin a kan rufin wani? Ba zai yi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Idan ya tashi ba zai ɓalle kasonsa ya tafi da shi ba. Kayan kuma da dala ake shigo da su, tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 kuɗinsu ya yi tsalle, ko da yake farashin faranti a kasuwar duniya ya yi ta sauka a 2023 da 2024.

Ra'ayina, mai gida ne ya kamata ya saya. Rufinsa ne, bohol ɗinsa ne, kuma gidan da ruwa ba ya yankewa, matakala ba ta duhu, ba ya rasa mai kama shi. Ya sa kayan, ya raba kuɗin a kan haya ta shekara biyu ko uku, a rubuce, kowa ya gani. Ana biyansa sau ɗaya tare da kuɗin haya, ta hannun da ba a iya ce wa "sai ƙarshen wata". Idan ya ce ba shi da hali, to 'yan haya su haɗa, amma a rubuta cewa za a cire musu daga hayar shekara mai zuwa, kayan su zama na gida. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mu saya da kuɗinmu, baɗi kuma wakilinsa ya zo ya ƙara mana haya da hujjar ai gidan yanzu yana da sola. An yi wa wani abokina haka a Kaduna.

Na kai wa wakilin mai gidanmu lissafin a takarda, shafi biyu, da abin da muka ƙona na gas a shekarar da ta wuce. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce zai nuna wa Alhaji idan ya dawo daga Umara. Wata na biyu ke nan. Jiya da daddare Baba ya sake tare ni a bakin ƙofa da karansa a hannu, ya ce abin da ya rage ba zai kai Lahadi ba, kuma har yanzu fulat huɗu ba su biya na wannan watan ba.