Ramin galamse ba ya warkewa da dashen hoto

Tun da Shugaba Mahama na Ghana ya ƙaddamar da shirin dashen itatuwa a Nkawie cikin Maris ɗin 2025, hotuna iri ɗaya muke gani: manya sun tsuguna a kan ramin galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage, da katafila ta cike, kowa riƙe da ɗan tsiro, ana tafi. Dashen bai dame ni ba. Abin da ke ci mini rai shi ne maganar da ke biyo bayansa, wai a bar masu lasisi su haƙa, in sun gama sai su mayar da daji yadda yake.

Su mayar da shi ina? Haƙar da ake yi a sarari, ko ta zinariya ko ta kwal, farkon abin da take ci shi ne ƙasar sama, wadda iri da saiwa da taki ke ciki. Amurka ta riga mu gwadawa. A 1977 ta yi doka ta tilasta wa kamfanonin kwal gyara wurin da suka fasa. A tsaunukan Apalaciya sai suka daddaɓe ƙasa da manyan injuna, suka watsa ciyawar da ba ta wurin ba, daga nesa kore shar, amma itatuwan asali sun kasa kafa saiwa. Ƙoramun da aka binne da tarkacen dutse kuwa har yau suna binne. In mai doka da dala ya ƙare da ciyawa, mu da me za mu ƙare?

Mu 'yan zango ya kamata abin ya fi yi wa zafi. Goro ne ya kawo kakanninmu Gwanja da Asante, kuma goro ɗan kurmi ne, yana son inuwar manyan itatuwa irin su odum da wawa. Wani dattijo da nake sayen goro a wurinsa a Aboabo ya ce mini: "Ɗana, gonar da na yi shekaru ina ɗauko kaya, yanzu tafki ne mai launin koko." Ya faɗa yana yayyafa wa huhun goronsa ruwan leda, wanda shi ma saya ya yi.

Ruwan shi ne inda aka fi yi mana rufa-rufa. Dokar albarkatun ruwa ta 1996 ta damƙa dukkan ruwan ƙasar nan a hannun shugaban ƙasa, amana ga jama'a. Amana fa. To a 2024 kamfanin ruwa na ƙasa da bakinsa ya ce dauɗar kogin Pra a matatar Sekyere Hemang ta kai 14,000 a ma'auni, alhali an gina matatar don 2,000, har Cape Coast da Elmina suka shiga ƙishi. Mu a Kumasi daga Barekese muke sha, madatsar da ke kan kogin Offin, kuma kowa ya san halin da Offin ke ciki can ƙasa. Mai canfan, injin tace zinariya, ya wanke ƙasarsa a kogi, ya zuba zaiba, ya tafi da zinariya; matar da ke ƙauyen gaba ta ɗebi laka a jarka, ba wanda ya nemi izininta, ba kuma inda za ta kai kuka.

Masu cewa matasa na neman abinci, su je su gaya wa manomin koko da aka nutsar da gonarsa.

Ministan filaye ya shaida wa majalisa a 2025 cewa dazuzzuka 44 cikin 288 da gwamnati ta killace sun shiga hannun masu haƙa. Wannan ba aikin yara masu shebur ba ne, katafila ba ta shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema a aljihu. A hana haƙa kusa da kogi da cikin kurmi, da lasisi ko babu, a karɓi kuɗin gyara tun kafin a sa haƙori a ƙasa, a ba ƙauyukan bakin kogi ikon cewa a'a. Limamanmu na Asawase da Sabon Zango kuma su daina jira sai famfo ya ƙafe ranar Juma'a kafin su saka maganar a huɗuba.