Kafin Ka Lalubo Wayar Nan, Zauna Tukuna

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa.

Akwai wani dare da ba na mantawa da shi. Ƙarfe biyu ta wuce, kowa ya yi barci, ni kuwa ina kwance idona biyu ina ta saƙa da warwara. Wata magana ce wani ya yaɓa mini da rana a wurin aiki, jimla ɗaya tak, amma na juya ta ya fi sau hamsin. Me yake nufi? Ai da na ce masa kaza. Gobe in ya kuskura ya sake, ga abin da zan faɗa masa. Daga nan zuciya ta yi tsalle ta koma kan bashin da ake bina, daga bashi ta koma rashin lafiyar mahaifiyata, can sai ta tono wani kuskure da na yi shekara bakwai da suka wuce, wanda na tabbata ba mai tunawa da shi sai ni. Da abin ya ishe ni, na yi abin da yawancinmu muke yi, na lalubo waya a ƙarƙashin matashi. Na fi awa guda ina jan yatsa a kan gilashi, bidiyon wannan, rigimar wancan. Da na kashe ta, tunanin yana nan inda na bar shi, sai dai yanzu idona na raɗaɗi, asuba kuma ta ƙarato.

Nasihata a kan hannun nan ce da yake miƙewa wajen waya da zarar wuri ya yi tsit. Mun zama mutanen da suke tsoron shiru. A cikin mota abu na kunne, a kan gado abu na kunne, wani har banɗaki da ita yake shiga. Sai ka ji matashi yana cewa kansa ya ɗau zafi, abubuwa sun yi masa yawa, amma ka tambaye shi yaushe rabon da ya zauna minti goma ba ya kallon komai ba ya sauraron komai, ba zai iya tunawa ba.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne. A shekarar 2014 wasu masana halayyar ɗan Adam a Jami'ar Virginia ta Amurka, ƙarƙashin Timothy Wilson, sun zaunar da mutane ɗaya bayan ɗaya a ɗakin da babu komai, ba waya ba littafi, na minti 15. Abin da kawai aka bar musu shi ne wani maɓalli, in ka danna lantarki ya ɗan ja ka. An riga an ɗanɗana musu jan, kuma sun ce gara su biya kuɗi da a sake yi musu. Amma da zaman shirun ya ishe su, 12 daga cikin maza 18 suka danna da hannunsu, mata kuma 6 daga cikin 24. Akwai wani bawan Allah da ya danna sau 190. Na yi dariya ranar da na fara jin labarin, daga baya na ga ai maɓallin nan yana cikin aljihuna, sunansa ne kawai ya bambanta.

Ga abin da nake so ka sani kafin ka gwada, don kada ka karaya tun a ranar farko. Idan ka zauna shiru, hayaniyar cikin kanka ƙaruwa take fara yi. Ƙwaƙwalwa ba ta da makunni. Nauyinta kusan kashi 2 ne cikin 100 na jikinka, amma tana cin kusan kashi 20 na kuzarin da jiki ke ƙonawa, ko da kana kwance kana hutawa. Da zarar ka daina ba ta aikin waje, sai ta koma na ciki: jiya, gobe, wane ya ce, wance ta yi. Duk abin da ka danne da surutu tun safe, lokacin ne zai taso ya ce ga ni. Mutane da yawa a nan suke tashi, su ce shiru bai karɓe su ba. Ɗan'uwa, ba shirun ne ya kawo hayaniyar ba, dama tana nan, yanzu ne ka ji ta.

Kuma kada ka yi kokawa da ita. Wanda ya ce maka "ka daina tunani kawai" bai taimake ka da komai ba. Bari in nuna maka: kada ka tuna da fuskar mahaifiyarka yanzu. Ka gani? Tun 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Daniel Wegner ya nuna cewa tunanin da ka yi ƙoƙarin dannewa dawowa yake da ƙarfinsa. Abin da ake yi shi ne a bar shi ya zo, ka gane shi, "ga maganar bashi ta dawo", kada ka ba shi tabarma ku zauna hira, ka maido hankalinka kan numfashinka. Zai sake zuwa, ka sake maidowa. Ko sau ɗari ne, aikin ke nan.

Me ya sa numfashi? Saboda jiki ba ya tantance karen da ya biyo ka da gaske da faɗan da kake shiryawa a zuci. Duk biyun, sinadaran tashin hankali yake saki cikin jini, zuciya ta hau bugu, kafaɗu su ɗaure, numfashi ya gajarce ya tsaya a ƙirji. Ba za ka iya ba zuciyarka umarnin ta rage gudu ba, amma numfashi yana hannunka, kuma duk lokacin da kake fitar da iska bugun zuciya yakan ɗan lafa. Ka shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar a hankali kana ƙirga shida. Ka saki haƙoranka, domin da wuya in ba a cije suke ba. Ka sauke kafaɗu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. A fara da kwantar da jiki, zuciya ta biyo baya. Ka tuna da mutumin da ya shigo masallaci ya yi sallah, Annabi (SAW) ya ce masa ya koma ya sake domin bai yi sallah ba, har sau uku. Abin da ya rasa natsuwa ce, a ruku'u, a sujada, a zama. Sau biyar a kullum an ware mana lokacin tsayawa cak, amma mu sai mu yi ta kamar kaza na tsattsagar tsaba, muna sallamewa hannu na aljihu. Ina faɗa wa kaina ne kafin kowa. Ka gwada zama inda kake minti biyar bayan sallama, ka yi zikirinka a tsanake, kana jin abin da bakinka yake faɗa.

Idan ƙurar ta ɗan lafa, sai ka ɗauko takarda da biro, ba waya ba. Ka zube duk abin da ke kanka. A cikin kai kamar dubu suke, a kan takarda sau da yawa ba sa cika layi goma. Ka duba kowanne ka tambayi kanka: akwai abin da zan iya yi a kan wannan gobe? In akwai, rubuta mataki ɗaya, ƙarami, kamar "zan kira wanda yake bina in nemi ya ƙara mini lokaci". In babu, wannan ba na tunani ba ne, na addu'a ne. Ka ɗauki ɗaya ka fara da shi, taura biyu ba ta taunuwa.

Sai dai a kula, shirun da nake magana ba shi ne kulle kai a ɗaki kwana uku ba ka kula kowa ba, kuma ba gaba ba ce da mutanen gida. Minti goma ne ko ashirin, ka tashi ka koma cikin jama'a. In kuwa ka ga an shafe mako biyu ko fiye barci ya ƙi, ba abin da ke yi maka daɗi, aiki ko karatu ya gagara, ko zuciyarka ta fara raya maka cewa gara ba ka raye, wannan ya wuce na zaman shiru. Ka faɗa wa wani babba da ka yarda da shi yau ɗin nan, ka ce ya raka ka wajen likita.