Gardamar rai da ƙwaƙwalwa ta girmi Turawan zamani

Jiya a majalisa wani abokina ya ce ilimin halayyar ɗan Adam ƙirƙirar Turawan zamani ce, ba ruwanmu da shi. Maganar ta tsaya mini a rai har na kasa barci, shi ya sa na ɗauko waya.

Na yarda, a 1879 Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajin farko na wannan fanni a Leipzig ta ƙasar Jamus. Amma tambayoyin da ya je gwadawa sun girme shi da sama da shekara dubu biyu. Sunan ilimin ma a Turance, psychology, daga kalmar Girkanci mai nufin rai ya fito.

Aflatun, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya kwatanta ran mutum da mai tuƙa keken dawaki biyu. Ɗaya mai ladabi ne, yana jin linzami. Ɗayan ingarma ne mai taurin kai, da ya hango abin sha'awa sai ya fizge. Mai riƙe da linzamin shi ne hankali. Duk wanda ya taɓa rantsuwa ya bar sigari da asuba, kafin la'asar ya kunna wata, ya san wannan dokin. Ɗalibin Aflatun, Aristotil, wanda aka haifa a 384 kafin miladiyya, ya rubuta littafi sukutum a kan rai, aka fassara shi da Larabci da sunan Kitabun Nafs, su Ibnu Sina da Ibnu Rushdi suka yi ta nazarinsa. Ya yi kuskure babba, domin ya ɗauka a zuciya ake tunani, ƙwaƙwalwa kuma aikinta sanyaya jini kawai.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne wani ɗan littafi da ake jingina wa likita Hifokiratis, wanda Larabawa ke kira Buƙraɗ. Mutanen zamaninsa suna kiran farfaɗiya cuta mai tsarki, wai gumakansu ne ke jefo ta. Marubucin ya ce a'a, cuta ce kamar kowace, tana da sanadi, daga ƙwaƙwalwa take tasowa, kuma daga can ne farin ciki da baƙin ciki da tsoro suke fitowa.

Na tuna wani yaro a unguwarmu muna ƙanana. In ta kayar da shi, sai kowa ya watse, wai wanda ya taɓa yawunsa zai ɗauka. Uwarsa kaɗai ke durƙusawa ta tallafe kansa a cinya, tana share masa baki da gefen zani, tana hawaye. Har aka cire shi daga makaranta. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu, kuma mafi yawan masu ita suna samun sauƙi in sun riƙe magani. Ba wanda ya gaya wa uwar nan haka.

Kuma malamanmu ba su yi ƙyamar wannan ilimi ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta yadda ake magance damuwa da fargaba da waswasi, ya ce rai yana ciwo kamar yadda jiki ke yi, kuma yana buƙatar jinya.